Randunan fadama: littafin aikin ruwan sha a gonarmu ta rani

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

An gama dashe a gonar shinkafarmu da ke fadama tsakanin Argungu da Augie. Irin shinkafar da ake kira FARO 44 muka sa kamar bara. Bana, ban da lissafin taki da man inji, na ɗauki wani aiki: duk wanda zai yi mana ƙwadago daga yanzu har zuwa bugu ya sami ruwan da jikinsa ke buƙata, mai tsabta, kusa da inda yake aiki. Kawu, mai gonar, ya yarda, amma da sharaɗi. "Kai ne ka yi karatun asibiti," in ji shi, "gaya min lita nawa na a wuni, in san abin da zan kashe."

Amsar ba lamba ɗaya ba ce. A 2004 Cibiyar Nazarin Magunguna ta Amurka ta ce lita 3.7 a rana na wadatar da namiji baligi, mace kuma lita 2.7. A 2010 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce lita 2.5 ga namiji, lita 2 ga mace. Duka biyun sun haɗa har da ruwan da ke cikin abinci, wato koko, miya, fura da 'ya'yan itace, wanda Amurkawan suka ƙiyasta kusan kashi 20 cikin 100 ne na jimillar. Turawan kuma sun faɗa a fili cewa nasu lissafin na wanda ke zaune ne a yanayi matsakaici, yana aiki matsakaici. Ba su yi shi don mai cirar ciyawa cikin taɓo da tsakar ranar Kabi ba.

Maganar kofi takwas da ake yaɗawa a WhatsApp ma ba ta da ƙafar tsayawa. Wani masanin aikin ƙoda, Heinz Valtin, ya bi diddiginta a 2002 bai sami hujjar kimiyya a kanta ba. Ana danganta ta da wata shawarar Amurka ta 1945 da ta ambaci lita 2.5, amma ta ƙara da cewa yawancin wannan ruwan yana cikin abincin da ake ci. Mutane suka riƙe kan maganar suka yar da wutsiyar.

Abin da na ɗauka shi ne ƙa'idar da hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka suka sa wa masu aiki cikin zafi: kofi ɗaya, kimanin mililita 240, duk minti 15 zuwa 20. Wato kusan lita ɗaya a awa, ko ƙasa kaɗan. Na yi wa Kawu lissafi da mutum 20, awa 6, kashi uku cikin huɗu na lita kowace awa: lita 90. Jarkar lita 25 guda huɗu ke nan. In fiya wata za a saya, leda 20 ce a jaka, kowace rabin lita, jaka tara a wuni. Da ya ji haka sai ya ce a nemo randuna.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Randuna uku sun iso, kowace da murfi. Mun haƙa musu gurbi a kan kunya mai tudu, muka zuba yashi muka jiƙa, muka kafa rumfar zana a kansu, don babu itace ko ɗaya a tsakiyar fadamar. Jarkar roba in ta wuni a rana ruwanta ɗumi yake yi har ya gundure mutum. Randa kuwa tana tsattsafo ta jikinta, iska na busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Wannan ba ado ba ne: ruwan ɗumi kurɓa biyu ake yi masa a ajiye.

Inda aka yi gardama shi ne wurin ɗebo ruwan. Ma'aikatan sun saba tara hannu a bakin tiyon injin ban-ruwa su sha, wasu ma daga magudanar da ke kai ruwa fangali. Rijiyoyin da muke kafa wa inji a fadama ba su da zurfi, ga taki da maganin ciyawa da ake zubawa a samansu, ga shanu na sauka gulbi kusa da mu. Kowa a nan yana tune da amai da gudawa na 2021. Saboda haka daga fanfon burtsatse na cikin gari za a riƙa kawo ruwan sha a kan babur da sassafe, a sa masa maganin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a bar shi minti 30 kafin kowa ya sha.

Moɗa ɗaya mai dogon mariƙi a kowace randa, ɗiba kawai ake yi da ita, ba a kai ta baki. Kowa da kofinsa ko gorarsa. Na tarar da samari biyu suna zuba ruwan sha a robar maganin feshi da suka wanke. Na karɓe na huda su, na ba su gorunan lemo. Ɗaya ya ce ai da omo ya wanke. Omo ba ya fitar da abin da roba ta riga ta sha.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Randunan ba sa raguwa yadda na lissafa. Da yamma akan sami kusan rabin ruwan. Shugaban 'yan ƙwadagon, dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, ya ce min, "Likita, wanga sanyi wa ka jin ƙishirwa?" Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Har yanzu da sauran hazo da safe, kuma busasshiyar iska na ɗauke zufa tun ba ta jiƙa riga ba, sai mutum ya ɗauka bai yi zufa ba. Leɓe dai na tsagewa.

Maimakon in yi ta wa'azi sai na kawo sikelin taka-ka-gani. Duk mai so ya hau da safe kafin ya shiga fangali, ya sake hawa in an tashi, da irin kayan da ya hau da su, ƙafa a wanke. Duk kilo ɗaya da ya ragu a wuni guda, kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita ba a mayar ba. Ba tsoka ba ce, ba kitse ba. In ragin ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum, ƙarfi da natsuwa kan fara raguwa. Ga mai kilo 60, kilo 1.2 ke nan kacal. Baba ne ya fara hawa don ya ƙaryata ni. Da yamma ya ga ya haura wannan iyakar, ya yi shiru, ya ce a auna yaransa su ma. Sikelin ya zama abin wasa, ana ta tsokanar wanda ya fi ramewa, amma randa ta fara ganin ƙasa.

Awo na biyu ba ya buƙatar na'ura: launin fitsari. Fari-fari mai ɗan rawaya, lafiya lau. In ya yi duhu kamar shayin da ba madara, ga shi kaɗan, jiki na riƙon ruwa ne saboda bai ishe shi ba. Wanda ya wuni bai zaga ba sam, wannan ya fi damuna. Maganar tana da nauyi a baki, musamman gaban manya, don haka ɗaya-ɗaya nake jan su gefe.

A nan wani abu ya fito da ban sa shi a lissafi ba. Wani yaro ya ce nasa ja ne a ƙarshe-ƙarshe, kuma ya daɗe haka. Wannan ba ƙishirwa ba ce, alamar tsargiya ce, wadda ake ɗauka ta fata in ana shiga ruwan da ke da ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar. Ko randa guda ya shanye ba za ta warke ba. Na rubuta masa takarda zuwa asibiti a gwada fitsarin a ba shi maganinta. Haka kuma masu shan maganin tarin fuka, fitsarinsu kan yi ja-ja saboda ɗaya daga cikin ƙwayoyin, masu shan bitamin kuma ya yi rawaya shar. Launi na nuna hanya, amma sai an tambayi mutum abin da yake sha.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar bisa sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Randunan rana sun tashi daga aiki, sai ta yaran da ba su fara azumi ba da ta alwala. Tsarin kofi duk minti 20 ya faɗi, dole a sake wani.

Sama da awa 13 ba ci ba sha. Tunda ba a iya mayar da ruwa da rana, abin da ya rage shi ne a rage fitarsa. Mun mayar da aiki daga bayan Asuba zuwa hantsi, kafin ƙarfe 11 kowa ya fita daga fangali. Zuba taki da duba kunyoyi sai bayan La'asar sakaliya. Kawu bai so ba da farko, don wunin aiki ya gajarce, amma ciyawar bana ba ta yi yawa ba, ya haƙura.

Abin da na fi nanatawa shi ne yadda ake sha da dare. Al'adar da yawa ita ce a ɗura ruwa lokacin buɗa-baki har ciki ya ƙi karɓar tuwo, sannan a sake ɗurawa gab da kiran assalatu. Ciki ba tanki ba ne. Ƙodar mai lafiya na iya fitar da abin da ya kusa lita ɗaya a awa, don haka wanda ya kwankwaɗi lita biyu a sahur, kafin hantsi ya zubar da mafi yawansa a bayan gari. Abin da na ce su gwada: kofi biyu da dabino a buɗa-baki, ɗaya ko biyu bayan Magariba da abinci, gora a hannu zuwa Asham ana kurɓa, kofi kafin kwanciya, biyu ko uku a sahur tare da abinci. Ruwan da ya shiga tare da abinci mai ɗan gishiri ya fi zama a jiki. Kunu, koko, fura da nono duk suna cikin lissafi. Kankana fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, ga ta kuma a araha yanzu a bakin hanya, haka gurji. Shayi ma ruwa ne, ban hana kowa ba, illa dai kada ya zama shi kaɗai ne sahur.

Na roƙi limamin masallacinmu ya taɓo batun wanda ƙishirwa ta galabaitar a gona. Ya yi bayani bayan sallar Isha'i cewa ma'aikaci zai kwana da niyyar azumi, in wahala ta kai shi ga tsoron cutuwa ya sha, ya rama bayan salla. Daga bakinsa maganar ta fi shiga fiye da daga nawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Zafi ya shigo sosai. Ban-ruwa ya koma dare, wanda ya yi wa shinkafar daɗi, ya yi wa masu tsaron inji daɗi, tunda suna aiki suna sha. Na mayar da randa ɗaya kusa da injin. Sauro ne kawai ya ƙaru. Mutum biyu masu ciwon suga da wani dattijo mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, na ce su ga likitansu kan batun azumi da aikin rana, ba ni zan yanke musu ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi, randuna sun dawo bakin aiki. Da rana zafi na haura digiri 40. Shinkafa ta fitar da kai tana ɗaukar nono, jan-baki sun sauko, gona ta cika da yara masu kora da gwangwani da majajjawa tun fitowar rana har faɗuwarta.

Yaro ba ya barin wurin tsaronsa ya tafi randa, don kafin ya dawo tsuntsu ya yi ɓarna, a yi masa faɗa. Lissafin Turai ya ba ɗan shekara 9 zuwa 13 kimanin lita biyu a rana, shi ma a yanayi mai sauƙi. Na raba musu goruna masu igiya su rataya, na ɗora wa babbansu zagayawa da buta yana cika musu, muka kafa 'yar inuwa a kowace kusurwa. Ni dai da so samu ne yaran nan ba sa wuni a ranar Afrilu ko da ruwa ko babu, amma ragar rufe gona ta fi ƙarfin aljihun Kawu bana.

Talata, 22 ga Afrilu

An fara yanka. Yanzu ne ainihin gwajin: lauje tun safe, ɗaukar dami, bugu a kan ganga, ƙura da ƙaiƙayi. Mai irin wannan aiki a irin wannan rana na iya zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a awa. Jarka huɗu ba ta kai Azahar, an ƙara sawu na biyu.

Abu biyu suka fito fili, kuma babu wanda ƙarin jarka zai warware.

Na farko jinga. Yanka da bugu ba kuɗin wuni ake biya ba, gwargwadon abin da ka gama ne. Duk mintin da mutum ya tafi inuwa, daga aljihunsa ya fita. Ka ce masa ya huta, sai ya dube ka kamar ka ce ya yafe ladansa. Mun zauna da Baba da Kawu. Aka tsaya a kan cewa kowace awa Baba zai busa usur, kowa ya ajiye lauje lokaci guda, minti goma a rumfa, don kada wani ya ga ɗan'uwansa na wuce shi. Kawu ya ƙara ɗan abu a kan jingar. Tsakanin busa da busa kuma yaro na bin layi da buta, ruwan ne ke zuwa wurin mutum.

Na biyu matan da ke sheƙa. Na lura randar ɓangarensu ba ta motsi. Na tambayi wata dattijuwa cikinsu, na ce, "Inna, ruwan ne bai yi muku ba?" Ta ce, "Ɗana, in mun sha, ina za mu zaga? Fili fetal, ga maza ko'ina." Da gangan suke ƙin sha tun daga gida. A ranar muka haƙa rami can gefe, nesa da rijiyar inji da magudana, muka kewaye da zana, aka ajiye buta da sabulu. Washegari sai da aka ƙara wa randarsu ruwa. Cikin duk abin da aka kashe a aikin nan, zanan nan ne mafi araha.

Akwai masu goyo a cikinsu. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kusan mililita 700 a rana a kan na sauran mata, mai ciki kuma ƙarin 300. Na ga wata tana ɗura wa jaririn da bai kai wata uku ba ruwa da hannu saboda zafi. Na ce ita ta sha, shi ta ƙara ba shi nono: kafin wata shida nonon uwa ya ishe shi ruwa ko a bazara, ruwan kuma na cika masa ciki ya rage tsotso, ga haɗarin gudawa. Kakar yaron ba ta gamsu ba. Malamar asibitinmu za ta je gidan.

Litinin, 28 ga Afrilu

Jiya wajen ƙarfe biyu wani saurayi cikin masu bugu ya zube, ƙafafu da ciki na murɗa masa, kai na sara, yana jin amai. Yana cikin hayyacinsa, jikinsa sharkaf da zufa. Muka kai shi rumfa, muka cire masa riga, aka jiƙa shi ana fifita. Abin mamaki ga abokansa, shi ne ya fi kowa shan ruwa. Da na bincika, bai karya ba, tun dare rabonsa da abinci, sai ruwa da wani lemon ƙarin kuzari.

Zufa ba ruwa kaɗai ba ce, da gishiri take fita, shi ya sa rigar mai bugu ke yin farin zane in ta bushe. Wanda ya yi awoyi yana zufa yana mayar da ruwa zalla ba abinci, gishirin jininsa na iya yin ƙasa. Don haka ƙa'idar nan ta kofi duk minti 20 take da rufi: kada a wuce kimanin lita ɗaya da rabi a awa. Na haɗa masa ruwan gishiri da suga, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, suga ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa a hankali. Kafin La'asar ya warware, amma na hana shi komawa bugu ranar.

Na tara su na bambance musu. Irin wannan, inuwa da ruwan gishiri da suga. Amma in mutum ya rikice, yana sambatu, ko ya suma, jiki ya yi zafi rau, ba a ɗura masa komai a baki. A kwarara masa ruwa a jiki nan take, a ci gaba da sanyaya shi a hanya, a nufi asibiti a Argungu.

Daga yau fura ta shiga tsarin, da hantsi, kuma akwai ƙullin gishiri da suga na kemis a akwatin rumfa.

Wani abin da na gani a aljihunan samarin ya fi murɗar ciki tayar min da hankali: ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, ana haɗiya da safe don a jure aiki. Waɗannan na rage jinin da ke isa ƙoda, ga jiki kuma a bushe. A Nikaraguwa da El Salbado an ga ciwon ƙoda na kashe matasa masu yankan rake waɗanda ba su da suga ba su da hawan jini, kuma masu bincike da yawa na danganta shi da aiki mai tsanani cikin zafi da bushewar jiki da ake maimaitawa kullum. Su ma jinga ake biyan su. Abin da aka gwada a gonakinsu shi ne ruwa, hutu da inuwa, wato abin da Baba ke busa wa usur.

Asabar, 10 ga Mayu

An ɗinke buhu na ƙarshe ranar Alhamis. Kawu ya sake tambayata lita nawa, don ya rubuta a littafinsa na baɗi. Na ce ya rubuta uku: watan dashe da cira, jarka huɗu ga mutum 20, lokacin yanka, ninki biyu, azumi kuma a canja lokacin aiki. A ƙasa ya ƙara fura, zana biyu da usur. Kuɗin man babur ɗin ɗebo ruwa ne ya fi komai ci.

Randa ɗaya ta tsage wajen kwashe kaya, biyu na ɗakin ajiya. Yaron mai tsargiya ya sha magani, fitsarinsa ya washe, amma zai koma ruwan nan da damina, don haka na sa sunansa cikin waɗanda za a sake dubawa. Maƙwabcinmu na gabas ya aiko a ara masa sikelin, nasa yankan sai mako mai zuwa. Azumin baɗi zai matso baya da kimanin kwana 11, ya faɗo tsakiyar Fabrairu, don haka na ce wa Kawu a zuba iri da wuri yadda dashe zai ƙare kafin a ga wata. Zai yi shawara da masu injin.